Wa Zai Riƙe wa Nomau Igiya?

Ga ta nan fa, ga ta nanku, jikokina masu kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Kaka!

Ai ta ma iso. Ke Hakama, sauke ƙafarki daga cinyata, ni ba turmi ba ce. Wanda ya san zai yi gyangyaɗi ya tashi tun yanzu, don ba na maimaitawa.

Wata tsohuwa ce a wani gari, sunanta Iya Gwamma. Tana da 'ya'ya biyu maza, Nomau babba, Jatau ƙanensa. Kowa da matarsa, kowa da 'ya'yansa, gida ɗaya, tukunya ɗaya. A tsakar gidan akwai rijiya wadda ubansu ya haƙa da hannunsa kafin ya rasu. Ruwanta fari tas, ga sanyi, in ka kurɓa sai ka ji har cikin haƙoranka.

To, mutanen garin nan suna da wata al'ada. Duk shekara in bazara ta yi, kafin ruwan farko ya sauka, kowane gida sai an yashe rijiya. Kun san yasa? Ina za ku sani, ku da kuka buɗe ido kuka tarar da famfo! Mutum ne zai ɗaura igiya a kugunsa ya sauka can ƙasa, ya dinga kwasar laka da ganye yana cika guga. Wani kuma yana sama, ya ɗaura ɗaya bakin igiyar a nasa kugun, ya tokare ƙafa da bakin rijiya, yana janyo gugan da hannu. A garin nan babban wa ke shiga, ƙane ke riƙe igiya. Bare ba ya riƙe wa mutum igiya matuƙar ɗan'uwansa yana numfashi. Haka suka tarar, haka suke yi.

Ana nan, ana nan, sai wata rana akuyar Jatau ta tsinke, ta je ta cinye irin tattasan da Nomau ya yafa a bayan ɗakinsa. Sai Nomau ya ɗauki taɓarya ya karya mata ƙafa. Sai Jatau ya ce ai ba akuya aka doka ba, shi aka doka. Sai Nomau ya ce in ma shi ne, an doka ɗin. Magana ta yi tsami, aka tono ta bara, aka tono ta bara waccan, har da wanda ya fi cin nama ranar sunan wani. Ku ji fa, manyan mutane masu gemu, a kan tattasai! Ni abin haushi yake ba ni har yau.

Iya ta yi magana, ba su ji ba. Ta yi kuka, ba su ji ba. Sai suka raba tukunya. Sai suka kafa zana tun daga zaure har bangon baya, ta tsaga gidan biyu. Da zana ta iso rijiya sai aka rasa yadda za a yi, don rijiya ba ta rabuwa. Sai aka tsaya a bakinta, aka ci gaba da kafi daga ɗaya gefen, kowa yana ɗiban ruwa ta ɓangarensa. Ɗakin Iya yana can ƙarshe. Wannan ya aika mata tuwo, wancan ya aika mata tuwo, ita kuwa ta tsakuri kaɗan ta ture.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Sai Nomau ya ce wa matarsa, “Daga yau duk sharar da aka yi a zuba ta gindin zana, wari ya bi iska ya je musu.”

Jatau ya ji wari, sai ya ce, “Haka ne? To, bari.” Sai ya tuge turken awakinsa ya kafa shi a gindin zana, fitsari da kashi duk nan.

Nomau ya gani, sai ya karkata rariyar wanke-wanke ta dinga kwarara nan. Jatau ya ƙara da toka da ruwan wanki. Kowa yana dariya a ɗakinsa, wai ya cuci ɗan'uwansa. Ba wanda ya sunkuya ya duba inda ƙasar gidan ta gangara, alhali kuwa rijiya ta nufa.

Bazara ta yi, gari ya ɗauki yasa. Sai Iya ta kira babban ta ce, “Nomau, yasa fa?”

Ya ce, “Iya, in shiga rami igiyata tana kugun wancan? Ai kwance ta zai yi.”

Ta kira ƙaramin ta ce, “Jatau, yasa fa?”

Ya ce, “Iya, ai shi ne babba. Ya zo da bakinsa ya ce in riƙe masa.”

Ba a yi yasa ba. Ruwan farko ya sauka, ya wanke juji, ya wanke turke, ya gangara. Shekara ta zago, Iya ta sake tambaya, suka sake ba ta amsar bara. Shekara ta uku ma haka, ko harafi ba su canja ba.

A damina ta uku sai ciwon ciki ya shigo gidan. Ya kama 'ya'yan Nomau, ya kama 'ya'yan Jatau. Yara da ƙarfin jini, su kwanta yau su tashi jibi. Amma da ya kama Iya Gwamma sai ya kayar da ita warwas. Amai da gudawa, ba dare ba rana, har idanunta suka faɗa.

Nomau yana son uwarsa, kar ku ce ba ya so. Sai ya yi tafiyar yini guda wurin wani mai magani, ya karɓo sassaƙe. Ya zo ya ɗebi ruwa a rijiya, ya jiƙa, ya ba ta. Ciwo ya ƙaru. Sai ya leƙa ta saman zana ya ce, “Wani ya yi wa uwata asiri, kuma na san shi!”

Jatau ma yana son uwarsa. Sai ya yi tafiyar yini biyu, ya karɓo saiwa. Ya zo ya ɗebi ruwa a rijiya, ya jiƙa, ya ba ta. Ciwo ya ninka. Shi ma ya leƙa ta saman zana ya ce, “Mai asirin ai shi ne ya fara ihu!”

Kashegari da sassafe kowa ya fito da gugansa, wannan ta nan, wancan ta can, ba mai kallon wani. Sai suka ji waƙa tana tasowa daga cikin rijiya:

“Na tashi, na tashi, ni Kwaɗo na tashi,
Ruwan Gwamma ya yi baƙi, na tashi,
Jujin wa da turken ƙane,
Ban sha ba, ba na sha, na tashi.”

Sai ga Kwaɗo ya fito da ƙunshin kaya a ka, matarsa tana biye, 'ya'yansu tara a jere.

Nomau ya ce, “Kwaɗo, ina zuwa da kaya haka?”

Kwaɗo ya ce, “Ƙaura.”

Jatau ya ce, “Ƙaura da damina? Wa ya kore ka?”

Kwaɗo ya sauke kaya ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, “Ku kuka kore ni. Tun ranar da ubanku ya ga ruwa a ramin nan kakana ya tare a ciki. Ni kuwa kun san ni, ba ni da ƙyanƙyami, ko a kwata aka ajiye ni sai in yi barci. Amma wannan ruwan ya fi ƙarfina. Ku leƙa mana!”

Suka leƙa. Ruwa baƙi ƙirin, kumfa a sama, wani wari ya bugi hancinsu har suka ja da baya. Da can sun saba ɗiba a gurguje, kowa yana sauri kada ya haɗa ido da ɗan'uwansa, ba wanda ya taɓa tsayawa ya duba.

Kwaɗo ya ce, “Da wannan kuke jiƙa wa tsohuwa magani? Ku ba ta cuta da hannun dama, ku ba ta magani da na hagu, sannan ku ce asiri? Kunya dai ba ta kashe mutum, da yau an yi jana'iza biyu.” Sai ya ja iyalinsa suka shige ƙarƙashin wani fasasshen kasko. Ya ce zai jira kwana uku, in ba a gyara ba ya yi gaba.

Nan da nan kowa ya ruga maƙwabta ya ɗebo ruwa mai kyau. Suka yi karo a ƙofar ɗakin Iya, kowa da ƙwarya a hannu. Iya ta dubi ƙwaryar, ta ce, “Ruwan ina ne?”

Suka ce, “Na maƙwabta ne, Iya.”

Sai ta datse bakinta ta juya fuska bango. Suka yi lallashi, suka yi magiya. Can sai ta ce, “Tun ina amarya ruwan rijiyar mijina nake sha. Ba zan koma roƙon ruwa a gidan wani ba ina da ƙarti biyu. Ko ku yashe rijiyar ubanku, ko ku haƙa min kabari. Duk biyun aikin rami ne, kuma duk biyun mutum ɗaya ba ya yinsu. Ku zaɓa.”

Kun san tsofaffi in mun kafe. Ke Hakama, daina dariya, ke ma za ki zo wurin.

Ranar farko sai Nomau ya ɗauki igiya ya shiga gidan maƙwabcinsu. Ya ce, “Don Allah ka zo ka riƙe min igiya.”

Maƙwabci ya ce, “Innalillahi! Jatau rasuwa ya yi ba mu ji ba?”

Ya ce, “A'a, yana nan.”

Ya ce, “To, koma gida. In na riƙe maka igiya ƙanenka yana raye, ai na binne shi da ransa ke nan. Ba da ni ba.”

Ya shiga gida na biyu, haka. Ya shiga na uku, ko tabarma ba a shimfiɗa masa ba. Sai ya dawo a fusace, ya kwashe ruwan rijiya, ya kafa turke, ya ɗaure igiyarsa a jiki, ya sauka. Ya cika guga da laka, ya ɗaga kai, ba mai ja. Sai ya hauro da kansa, ya janyo guga, ya zubar, ya sake sauka. Kafin rana ta faɗi guga huɗu kacal ya fitar. Kwaɗo yana ƙarƙashin kasko yana cewa, “Sannu da aiki! A haka sai baɗi.”

Rana ta biyu sai Jatau ya ce shi dabara gare shi. Ya ɗaure igiyar kugunsa a turke, ya ɗaure igiyar guga a wuyan jakinsa, ya sauka. Ya cika guga, ya daka wa jaki tsawa daga ƙasa. Jaki ya zabura, guga ya tashi sama kamar abin kirki. To, amma jaki ya san tsayawa ne? Guga ya bugi bakin rijiya ya kife, laka ta dawo ta rufe Jatau tun daga ka har ƙafa. Ya fito yana tofar da yawu, idanu kawai ake gani. Kwaɗo ya yi dariya har ya faɗi rigingine.

Rana ta uku kuwa ba wanda ya yi dariya. Da gari ya waye suka shiga gaida Iya, sai suka tarar leɓunanta sun tsattsage, harshe ya bushe. Nomau ya ce, “Iya, ina kwana?” Ba ta amsa ba. Jatau ya kama hannunta, ya ji shi sanyi, ba nauyi. Ƙirjinta kaɗai ke ɗan motsi. Tsoro ya kama su, tsoro na gaske.

Sai Nomau ya fita. Ya ɗauki igiya ya ɗaura a kugunsa. Ya tsaya a bakin rijiya, ya hango Jatau ya fito ta nasa ɓangaren. Sai kawai ya wurga ɗaya bakin igiyar ta ƙetare zana, ta faɗi a gaban Jatau.

Jatau ya dubi igiya, ya dubi wansa. Ya ce, “Yaya, ba ka tsoron in kwance?”

Nomau ya ce, “Ina tsoro. Amma na fi tsoron abin da ke ɗakin can.”

Sai Jatau ya sunkuya ya ɗauka, ya ɗaura a kugunsa, ya ƙulle har sau uku. Ya zauna ya tokare ƙafa. Ya ce, “Sauka.”

Nomau ya sauka, ya cika guga na farko, Jatau ya janyo. Tsummoki, ɓawon gyaɗa, ruɓaɓɓen ganye, gutsuren tabarma. Jatau ya leƙa ya ce, “Yaya, wannan duk daga jujinka ne!”

Nomau ya ce, “Na gani. Zubar ka miƙo.”

Ya cika na biyu, Jatau ya janyo. Kashin awaki ne da toka, sun dunƙule. Nomau ya ɗaga murya ya ce, “Wannan fa, na wa ne?”

Jatau ya ce, “Nawa ne.”

Ya cika na uku, Jatau ya janyo. Wata baƙar laka ce mai yauƙi, komai ya narke ya cakuɗe, ba ka cewa ga na wane ga na wane.

To, ashe da Nomau ya taɓo wannan baƙar lakar, wata muguwar iska ta taso daga ƙasa. Ya shaƙa, kansa ya juya. Ya buɗe baki zai yi kira, murya ta ƙi. Sai ya sulale, laka ta kama shi har ƙirji. Jatau yana sama sai ya ji igiya ta fizge shi, saura kaɗan ya bi ta.

Ya ce, “Yaya!” Shiru.

Ya ce, “Yaya Nomau!” Shiru.

Sai ya damƙi igiya da hannu biyu ya ja. Laka ta riƙe. Ya ja, igiya ta zame ta ɗebe fatar tafinsa. Ya sake damƙa, jini yana bin igiya, bai saki ba. Ƙullin kugunsa yana nan kusa da hannu, da ya so da ya kwance ya huta, amma ko kallonsa bai yi ba. Sai ya kwarma ihu: “Wayyo jama'ar gida! Ku kawo ɗauki, ɗan'uwana zai mutu!”

Matar Nomau ta fito a guje. Matar Jatau ta fito a guje. Yara suka ɓarko ta ko'ina. Wa ke da lokacin zagayawa ta zaure? Suka bi ta kan zana, ta kwanta ƙasa, suka tattake ta. Wannan ya kama kugun wannan, wancan ya kama kugun wancan, har da ɗan autan Kwaɗo a can baya yana jan zanen wata. Kwaɗo ya hau kasko yana ba da murya: “Ku ja! Ku ja! Ku ƙara!” Suka ja sau ɗaya, suka ja sau biyu, a na uku laka ta ce fut, ta sake shi.

Aka fito da Nomau aka shimfiɗe. Aka yi ta fifita, aka yayyafa masa ruwa. Can sai ya yi atishawa, ya buɗe ido. Abin da ya fara gani hannun ƙanensa ne, jajir, ba fata. Sai ya fashe da kuka, ƙaton mutum, a gaban 'ya'yansa. Jatau ya ce, “Yaya, bar kuka, rana tana yi. Iya tana jira.”

Sai aka ɗaure reshe mai ganye a igiya, aka dinga zura shi ana fitarwa har muguwar iskar ta fice. Nomau ya sake sauka, wannan karon gida duka ke riƙe da igiya. Mata suna jan guga, yara suna kwashe juji a kwando suna kaiwa gona ya zama taki. Aka tuge turken awaki aka mai da shi bayan gida. Aka juya rariya ta kalli waje. Aka tattaka ƙasa a bakin rijiya, aka yi mata tudu yadda ruwan sama ba zai ƙara gangarawa ciki ba. Wajen azahar Nomau ya kai ga farin yashi, idon ruwa ya buɗe, yana tsattsafowa tsakanin yatsun ƙafarsa. Kwaɗo ya leƙa, ya shinshina, ya ce wa matarsa, “Kwance kayan nan.”

Da la'asar ruwa ya kwanta, fari tas. Aka ɗebo a sabuwar ƙwarya. Nomau ya tallafo kan Iya, aka ɗiga mata a leɓe. Ta lasa. Ta buɗe ido kaɗan, ta shinshina ƙwaryar, sai ta kama ta da hannu, ta sha, ta sha, ta ƙara sha. Amma ba ta yi magana ba. Aka kawo kunu, ta kau da kai. Ta koma ta kwanta, ido a buɗe. Ba wanda ya san ko ruwan ya zo a kan lokaci ko ya makara.

Yamma ta yi, matan suka ɗora tukunya ɗaya, don duk an gaji, ba mai ƙarfin hura wuta biyu. Aka kawo tuwo da miyar kuka a akushi, aka ajiye a ƙofar ɗakin Iya, don 'ya'yanta sun ƙi matsawa daga wurin. Nomau ya wanke hannu. Jatau kuwa hannayensa duka biyu a naɗe suke da tsumma, ya kai hannu zai yanki tuwo, zafi ya hana shi. Ya sake gwadawa, loma ta suɓuce. Sai ya ja baya ya ce, “Ci kawai, Yaya, ba na jin yunwa.”

Nomau ya ce, “Ƙarya kake, tun jiya ba ka ci komai ba. Buɗe baki.”

Sai ya yanko loma, ya dangwali miya, ya hura, ya sa masa a baki. Ya ci ɗaya, ya ba ƙanensa ɗaya. Ya ci ɗaya, ya ba ƙanensa ɗaya. Har miya ta zubo a gemun Jatau, ya sa yatsa ya share masa.

Suna cikin haka sai suka ji wata 'yar siririyar murya daga cikin ɗaki: “Kai, marasa kunya!”

Suka juya. Iya Gwamma ce zaune a bakin gado, ta dafa bango, hawaye yana bin kumatunta. Ta ce, “Haka za ku cinye ku bar ni ina kallo? Matso da akushin nan. Nomau, yanko min babba.”

Ƙurunƙus! Kan kusu ne wannan, ba kan kowa ba.

To, kun dai ji. Ƙazantar da ka zuba don ɗan'uwanka ya ji wari, ruwa ba ya tambayar ta wace ce, cikin wanda kuka fi so zai kai ta. Ku riƙe juna, ku tsabtace inda kuke sha, jikinku zai zauna lafiya. Ku tashi haka nan, ƙafata ta yi tsami.